Jawabi a kan Littafi da Waƙa da Majigi, da Abin da Su ke Yi wa Zuciyar Ma'aikaci

  

Bisa al'ada, in an taru don tunawa da ma'aikatan da suka gabata, abin da a kan lissafa shi ne hanyoyin da aka share, da rijiyoyin da aka gina, da harajin da aka tara aka kai baitulmali ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Wannan duka daidai ne, yana kuwa rubuce cikin littattafan ofis, mai so ya duba. Amma akwai wani abu da bai shiga rijista ko ɗaya ba, watau abin da bayin Allahn nan su kan karanta, da abin da su kan saurara, da abin da su kan kalla in an tashi daga aiki, da irin abin da ya kan bari cikin zukatansu. Wani zai ce ai wannan hirar bayan la'asar ce, ina ruwanta da aikin hukuma? To, a yi haƙuri a saurara. Hannun da ya ke riƙe da alƙalami da safe, zuciyar da aka kwana da ita ce ta ke juya shi. In ta kwana da tausayi, talaka zai gani a ofis, in kuwa ta kwana da fushi, shi ne dai zai gani. Saboda haka maganar yau guda ɗaya ce. Littafi da waƙa da majigi shaidu ne masu shiga zauren zuciya ba sallama, ya kamata ma'aikaci ya saurare su, kāna ya bincike su kamar yadda alƙali ya ke binciken shaida kafin ya yanke hukunci.

Babu ƙasar da ta fi wannan cancantar a yi wannan magana a cikinta. Kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir na dā, yana nan kusa da Sabon Birni. A can Bawa Jangwarzo ya yi mulki, a can kuma aka kashe Sarkin Gobir Yunfa a 1808 sa'ad da rundunar jihadi ta ci birnin. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sa'an nan a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, Ɗan Halima ya rabo da Tsibiri ya zo ya kafa Sabon Birni. Sarautar Isa kuwa ta gidan Shehu Mujaddadi ce. Daga baya Turawan Ingila da na Faransa suka ja iyaka, suka bar waɗansu dangi a Nijeriya, waɗansu a Nijar. Da aka kafa aikin En'e, sai ga jikan wanda ya tsare ganuwar Alƙalawa da jikan wanda ya haura ta suna zaune a ofis guda, suna tsoma alƙalami cikin tawada guda.

A ɗauki misalin malamai biyu irin waɗannan, da suka yi makarantar Midil ta Sakkwato tare, ɗaya Bagobiri mai zane a kunci, ɗaya daga gidan Shehu. A ajiye musu Infaƙul Maisuri, littafin da Muhammadu Bello ya rubuta a 1812 a kan tarihin jihadi. In aka kai ga labarin cin Alƙalawa, ɗaya zai ji ƙirjinsa ya buɗe, ya yi hamdala. Ɗayan kuwa zai yi shiru, ya tuna kirarin Bawa da kakarsa ta ke yi masa yana yaro. Takarda ɗaya ce, tawada ɗaya ce, ba kuwa wanda ya yi ƙarya a kan abin da ya ji. Abin da mutum ya ke ji in ya yi karatu, rabi daga takarda ya ke fitowa, rabi daga gidan da ya tashi. Wanda ya gane haka game da kansa ya sami babban ilmi, gama in masu ƙara biyu suka tsaya gabansa, zai san cewa kunnensa ya riga ya karkata tun ba su buɗe baki ba, sai ya daidaita shi.

Amma a sauya musu littafi, a ba su Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu, inda ya bambanta mulkin adalci da na zalunci, ya ambaci gaisuwar da a ke kai wa masu mulki, ya ambaci jangali da sunansa cikin abubuwan da ya soka. A nan su biyun duka za su sunkuyar da kai, domin a zamanin En'e su ne masu fita ƙidayar shanu, su ne kuma waɗanda a ke sallamowa da kaza ko ƙwaryar nono. Littafin da aka rubuta a kan sarakunan dā sai ga shi ya iske jikokin kowa a kan tabarma ɗaya. Shaida na gari ke nan, wanda ba ya duban fuskar wanda ya kira shi.

Sai waƙa, wadda ta riga littafi shiga ko wane gida. Ƙasar nan ita ta haifi Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, mai Bakandamiya. Har yau in aka sa muryarsa a rediyo, dattijo ya kan dakatar da abin da ya ke yi, ko a Isa ya ke ko a Maraɗi, don waƙa ba ta neman fasfo a bakin iyaka. Ba mai musun gwanintarsa, kuma wanda ya ke so ya ji zurfin Hausa, to, ya zauna ya saurare shi. Amma ma'aikaci ya tuna da sana'ar makaɗin fada. Yana wasa ubangidansa, yana yi wa abokan hamayyarsa zambo da habaici, a kan ba shi doki da riga. A shari'a ba a karɓar shaidar wanda zai ci amfani da hukunci, ba a karɓar ta maƙiyi a kan maƙiyinsa. Sau nawa aka yi wa ɗan sarki zambo da dare, jama'a suka yi ta dariya, wanshekare ya shigo ofis da buƙatarsa ta gaskiya, malamin da ke kan tebur ya dube shi da idon waƙar jiya? Daɗin waƙa halal ne ga kunne, amma kada a ɗauke ta a shigar cikin littafin shari'a.

Akwai kuma waƙoƙin malamai, waɗanda su ke sa tsikar jiki ta tashi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa ba jajojinta waƙoƙi suna kai wa matan ƙauyuka, 'Yan Taru, suna haddacewa suna rerawa wajen daka da kaɗi. Tabbat Haƙiƙa tana yi wa masu mulki da masu shari'a gargaɗi a kan cin zalin talakawa. Infiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, makafi sun kai ta ƙofar gidaje da tashoshin mota har inda marubucinta bai taɓa takawa ba. A kan ga babban ma'aikaci ya ji baitocin kabari da hisabi, hawaye ya zubo masa, ya sa hannu aljihu ya yi sadaka. Madalla da wannan. Sai dai ma'aunin hawayen nan yana ofis. In matar da mijinta ya rasu ta zo neman takardar gādo aka ce ta komo gobe, goben ta zama wata uku, to, hawayen ya tsaya a gemu, bai kai zuci ba.

Littattafan boko kuwa baƙi ne da suka zo daga baya. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta East, ta sa gasar ƙaga labari, aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. 'Yan makarantar Midil, waɗanda daga cikinsu En'e ta ke ɗibar malamanta, su ne farkon masu karanta su, ko wane kuwa da inda littafi ya ke taɓa shi. Mai son raha ya kan yi ta ƙyaƙyata dariya a kan yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe su ke yi wa juna ƙeta, amma magatakardan kotu in ya gama dariya sai ya ga ai ya san irin mutanen nan, kullum suna gabansa da rawani da daɗin baki. Yaron da kakansa ya ga shigowar Turawa Sakkwato a 1903 ya kan karanta yadda Ganɗoki ya ke fafatawa da Nasara, ransa ya yi fari a ɓoye, alhali kuwa gobe da safe shi zai kai wa Di'o fayil.

Shaihu Umar shi ya fi sa mutane yin jugum. Sa'ad da ya fito, akwai tsofaffi da rai a garuruwan nan waɗanda suka ga bauta da idonsu, waɗansu ma a kansu ta faɗa. Labarin uwar da ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu sayar da bayi, in an karanta shi a zaure, ba kowa ya ke iya zama a kai ƙarshe ba. Ma'aikaci kuwa akwai nasa rabo a ciki, watau labarin Makau, wanda fadawa suka yi wa hassada suka ƙulla masa sharri wurin sarki har aka kore shi daga gari. Duk wanda ya yi aikin hukuma ya san wannan ciwo, ko an yi masa, ko ya ga an yi wa wani ya kame bakinsa. Jiki Magayi kuma ya nuna yadda attajiri ya ƙwace wa saurayi budurwarsa da ƙarfin dukiya, saurayin ya tafi neman ramuwa, ramuwar ta sauka a kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Mai karatu ya kan fara da goyon bayan wanda aka zalunta, kafin ya rufe littafin sai ya ga tsoron abin da ya goyi baya. A riƙe wannan, za a komo kansa.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam yana edita. A lokacin masu karatun boko kaɗan ne, saboda haka mutum ɗaya ya kan karanta da ƙarfi, jama'a na kewaye da shi, a yi ta gardama har a kira magariba. Karatun nan na taro yana da wata albarka da ba a lura da ita ba. In mai karatu ya zaƙe, akwai dattijo kusa da zai ce masa, “Malam, sake karanta wurin nan, ba haka aka ce ba.” Ji na mutum ɗaya ya kan gamu da na mutum goma, ya daidaita.

Majigi ma a taro ya zo. Gwamnatin Ingila ta kafa hukumar shirya finafinai don ƙasashen da ta ke mulka a 1939, motoci suka riƙa zaga garuruwa da injin wuta da farin ƙyalle. A kan aiko wa hakimi, a yi shela, a kafa ƙyallen a fili bayan isha'i, mai bayani ya tsaya da lasifika yana fassarawa da Hausa. A kan nuna labarun duniya, sa'an nan darasi a kan tsabta ko allurar rigakafi ko noma, irin su Baban Larai. Akwai labarin da a ke bayarwa cewa an taɓa nuna sauro ya cika ƙyalle don a koya wa mutane hanyar zazzaɓi, sai wani ya ce su kam sun gode Allah, nasu sauron bai kai haka girma ba. A kan ba da labarin don a yi wa baƙauye dariya, amma in an duba, mutumin nan ya yi abin da alƙali ya ke yi: ya gwada abin da aka nuna masa da abin da ya sani, ya ga ba su yi daidai ba, ya faɗa. Inji yana girmama ƙaramin abu, yana kuma ɓoye abin da ke gefe, mai kallo ba ya ganin kome sai inda mai ɗauka ya auna. Bayan majigi sai gidajen silima da finafinan Indiya, sai Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim a 1976, sai aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan Hausa na kaset suka shiga ɗakunan mata.

Yanzu kuwa majigi ya koma aljihu. Ba shela, ba hakimi, ba mai bayani, ba dattijon da zai ce a sake karanta wurin nan. Mutum shi kaɗai ne da wayarsa cikin duhun ɗaki. Wannan kuwa ya zo daidai da shekarun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato. A watan Disamba na 2021 aka ƙone matafiya cikin mota a kan hanya a wannan yanki. A watan Agusta na 2024 aka kashe Sarkin Gobir Isa Muhammad Bawa, hakimin Gatawa, a hannun waɗanda suka sace shi, bayan hoton bidiyonsa yana neman agaji ya zaga wayoyin jama'a. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan dukan waɗanda aka rasa. Wannan hoto gaskiya ne, wanda ya gan shi bai girgiza ba, to, ya binciki zuciyarsa. Amma ta ƙofar da gaskiya ta shigo, ta nan ƙarya ta ke biyowa. A kan ɗauko tsohon hoto na wata ƙasa a ce jiya aka yi a ƙauye kaza. An ji mawaƙa suna wasa masu kisa kamar yadda a ke wasa sarakuna. A kan ji murya ba fuska tana ɗora laifin mutum ɗari a kan kabila ɗungum.

To, wanshekare da safe sai ga manomi da makiyayi a gaban shari'a a kan ɓarnar gona. Tun 1968 kotuna suka bar hannun En'e suka koma hannun gwamnatin jiha, amma aikin mai rubutu bai sake ba: abin da ya rubuta shi a ke karantawa in an ɗaukaka ƙara. In ya kwana yana kallon gawawwaki, ba wuya ya rubuta “ya saki shanu” inda aka ce “shanu suka kuɓuce”, kalma guda kuwa ta isa ta raba mutum da garkensa. Makiyayin nan watakila shi ma an kore masa shanu, an kashe masa ɗa. In ya fita kotu yana ganin ba shi da wurin kai kuka, an san inda irinsa su kan nufa. Abin da Jiki Magayi ya nuna ke nan tun kafin a haifi mafi yawan waɗanda ke wurin nan, ramuwar da ta sauka a kan wanda bai yi laifi ba, ita ke haifar wata.

Maganin abin yana cikin aikin da masu shari'a suka gada. In shaida ya zo, a kan tambayi wane ne shi, wa ya san halinsa, shi ne tazkiya. A kan tambaye shi, da idonsa ya gani ko ji ya yi? A kan duba ko yana da abin da zai samu, ko akwai gaba tsakaninsa da wanda ya ke ba da shaida a kansa. Sa'an nan kafin hukunci a kan yi i'izari, a tambayi wanda abin zai faɗa wa ko yana da sauran magana. Haka ya kamata a yi wa ko wane littafi da waƙa da hoto. Wa ya yi shi, a wace shekara, a wane gari? Wa ya biya? Wane ne ba a bari ya yi magana a ciki ba? Malamai kuma sun hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, Alƙur'ani mai girma ya yi umurni a cikin Suratul Hujurati da a yi bincike in wanda ba a amince da shi ba ya kawo labari, don kada a cuci mutane cikin jahilci a komo ana nadama.

Akwai wata alama mai sauƙi da a ke gane shaidan kirki da ita. A littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937, aku ya yi ta ba ɗan sarki Musa labari bayan labari don ya tsai da shi kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Labarin kirki haka ya ke yi, ya kan riƙe wa mutum linzami har hankalinsa ya komo. Abin da ya ce maka tashi yanzu, aika wa kowa yanzu, kada ka tambayi kowa, wannan a yi hattara da shi, gama gaggawa aikin Shaiɗan ce. Wanda ya ga hoto ya tayar masa da hankali, ya bari ya kwana kafin ya tura wa wani, ya tambayi mutumin garin da aka ambata. Wanda ya karanta littafi ya ji daɗinsa, ya ba abokin aikinsa wanda ba gidansu ɗaya ba, ya ji yadda shi kuma ya same shi. Wanda ya ke da 'ya'ya, ya zauna ya karanta musu da ƙarfi kamar yadda a ke yi a zaurukan dā, ya bar su su yi tambaya.

Kada kuma wani ya ce tun da haka ne gara ya toshe kunne ya rufe ido. Alƙalin da ya ƙi sauraron shaidu don tsoron shaidar zur, ba zai yi adalci ba har abada. Ma'aikacin da bai taɓa jin tausayin uwar Shaihu Umar ba, da wuya ya ji tausayin matar da ta baro ƙauyenta da goyo ta zo ta tsugunna a ƙofar ofishinsa. Magabatan da a ke tunawa da su yau sun yi karatu a hasken aci-bal-bal, sun saurari kotso a ƙofar fada, sun zauna a ƙasa sun kalli majigi tare da talakawansu. Waɗanda aka fi yi wa addu'a a cikinsu su ne waɗanda abin da suka ji ya tausasa su, bai rinjayi alƙalaminsu ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya yafe musu kurakuransu. Allah ya ba masu riƙe da amanar jama'a ikon sauke ta. Allah ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya, daga Isa har Sabon Birni, daga Gatawa har Tsibiri, ya mai da manomi gonarsa, ya mai da makiyayi mashayarsa, amin. Haza wasalamu.